Sikelin Kawu Gambo

A Aboabo, bayan kwatar da ke tumbatsa in an yi ruwa,
kawuna Gambo yake narka gwangwani ya zuba tukwane.
Ni ina kan kifaffen bokiti, littafi a cinya,
jarrabawar kemistiri jibi,
hayaƙi yana cin idona.

Yaran bola suka shigo da buhu uku.
Bai ƙirga ba. Bai taɓa ƙirgawa ba.
Ya rataya a sikeli, allura ta yi rawa, ta tsaya.
"Kilo huɗu. Gwangwani ɗari biyu da tamanin ke nan."
Na ce, Kawu, duba kake yi?
Ya ce, "Kilo guda saba'in ne, ko da ɗan ɗoriya.
Wa zai zauna ƙirga ɗai-ɗai, wuta na cin gawayi?"

Sai na yi shiru.
Mako uku Madam Ofosuaa tana faɗin haka a gaban allo
har muryarta ta dushe:
abin da ya fi ƙarfin ido, da awo ake ƙirga shi.
Mol, in ji ta, dozin ne,
sai dai dozin mai ƙaton ciki,
shida, da sifili ashirin da uku a bayanta
kamar jerin gwano da ya rasa inda zai tsaya.
Sanholo kuwa giram ashirin da bakwai ne mol ɗinsa.
Ko babban cokali bai kai ba.

Na ce ya ɗora min tukunyar da ya fasa wa ƙasa da safe,
mai kunne biyu, da sauran ɗumi a gindinta.
Giram dubu da ɗari uku da hamsin.
Na ninka da ashirin da bakwai, na karanta masa da ƙarfi.
Bai ɗago daga zugazugi ba.
"Zuwera, in mudunki ya fi giram girma,
ta yaya mudu zai fi giram yawa?
Mai auna gero ba ta samun buhu fiye da tiya."

Kunya ta kama ni har wuya.
Na goge da yawu. Na raba.
Hamsin cif.
Daga giram zuwa mol, rabawa ake yi,
daga mol zuwa ƙwayar zarra, sai a ninka,
in za a dawo gida, a bi sawu da baya.
Mol hamsin, kowanne da jerin gwanonsa:
uku, da sifili ashirin da biyar.
Layin littafina bai ɗauke su ba,
biyun ƙarshe na maƙala su a gefe.

"Duk a cikin wannan?" Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa,
ta amsa masa, ƙal.
"Kuma mai waake ta Asawase tana neman ragin sidi goma."
Ya yi dariya har tari ya tsaya masa.

Da la'asar wata ta kawo tsohuwar tukunya, gindi a huje,
ta uwarta ce, ta ce, ta girmi auren iyayena.
Kawu ya auna kafin ya jefa ta wuta.
Na rubuta nauyin a tafin hannu, na raba a zuci.
Ta lanƙwashe, ta zube, ta zama ruwa mai ƙyalli,
ya kwashe dattin sama da guntun ƙarfe.
Waɗanda suka dafa tuwon suna da na zaman makoki
suna nan a ciki, ba mai tuna komai,
gobe za su tashi da sabon kunne.

An ɗauke wuta kafin isha.
Na ƙarasa tambaya ta tara a bakin murhu,
ƙarfe, hamsin da shida,
tagulla, sittin da uku da rabi.
Kawu ya ce in na ci, zai zuba min ludayi,
amma ni zan faɗa masa nawa ne a ciki.