Tarin da Ke Cikin Faifai

Jikata Habsu ce ta ja ni da hannu,
ta ce, "Tsoho, tashi, yau ana nuna ku."
Na ce, "Mu wa? Mu da ƙasa ta ci uku,
ta bar biyu, ɗayan ma kurma?"
Na dai rufe shagon gyaran rediyo tun kafin isha,
na ɗauko hular da ba na sa wa sai Juma'a.

Bayan tasha suka kafa farin ƙyalle.
Kujera jaka guda, benci dala hamsin.
Mai ƙofa bai san ni ba. Na biya.

Sai ga sunanmu da jan rubutu, Garwashin Gulbi,
sai ga wani yaro da suma kamar kwando,
wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa,
ya rungumi gita yadda ake rungumar ɗan akuya,
yatsunsa ko kusa ba su kan tsirkiya.
Ya buɗe baki,
muryar Nomau ta fito.
Nomau da na riƙe wa ƙafa muka sa shi a rami
shekara goma sha tara ke nan bana.

A fim, "Dawo Mana" ta wata yarinya ce
da ta shiga motar Ƙonni ba ta waiwaya ba.
Ni kuwa ina wurin da aka haife ta:
biki ne a Sabon Gari, wuta ta ɗauke,
amfuli ya mutu, amarya ta fara kumbura,
Nomau ya ɗaga kai yana roƙon ƙwan lantarki.
Na so in yi dariya,
sai na ga matar da ke gefena tana share ido da bakin gyale.
Na haɗiye. Wa ya aike ni in ƙwace mata kuka?

Amma da suka kai ga "Sai Gobe" raina ya ɓaci.
Samari arba'in tsakiyar kasuwa,
ana tsalle kan buhunan albasa, ana juyi da faranti,
ango da amarya a kan amalanke.
Wannan fa ta Laminu ce, ƙanen Tsahiru,
da ya faɗo daga motar gyaɗa a hanyar Dakwaro.
Sau ɗaya muka yi ta ba tare da wani ya juya baya ba.
Na laluba sandata zan tashi,
sai na tarar ƙafata ta dama ta riga ni:
tana can tana buga ƙasa,
tana neman gangar da na sayar tun zamanin tsadar hatsi.

Akwai wani wuri a waƙar, bayan baiti na biyu.
A Yamai muka ɗauke ta, makirufo ɗaya, mu biyar,
tari ya kama ni, ba kuɗin sakewa,
Nomau ya yi wata guda ba ya gaishe ni.
Na zauna ina jira in ji ko sun goge.
Ba su goge ba!
Sun ba wani tsoho mai goro a gefen hoton,
ya dafe ƙirji, ya yi tarina daidai wurinsa.
Na ce wa Habsu, "Ga ni can."
Ta ce, "Tsoho, yi shiru, mutane na kallo."

Saura kaɗan a ƙare, ƙyallen ya yi baƙi.
Unguwa duka ta yi ɗif, har fanka ta tsaya.
Wani yaro daga bencin baya ya ja: "Dawo mana..."
fili ya ɗauka, maza da mata, ana tafi cikin duhu,
kowa ya ɗaga kai yana kallon ƙwan lantarki.

Nomau, ka ji?
Waƙarka ta gane hanyar gida.