Ƙaramin Ya

A fadamar Argungu, bayan isha'i,
injin ban-ruwa yana tari kamar tsoho,
ni kuwa na jingina da buhun taki,
littafi a cinya, tocila a haƙora.
An ce nan da wata huɗu za a tura mu Japan
mu ga yadda suke dashen shinkafa.
Mu uku aka zaɓa. Ni ne mai furfura.

Baƙaƙe arba'in da shida na haddace,
ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙirgar awaki da magariba.
Na ce to, an rufe garke.
Ashe akwai 'ya'ya a baya.

Ga ki tsaye da tsawonta,
ga ya an rage mata jiki,
ta tsuguna a gindin ƙafarta.
Na karanta: ki, ya.
Muryar cikin waya ta ce: kya.
Na sake. Ta sake.
Ba ta gajiya, ba ta kuma yi mini dariya,
abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sahabi mai gadin gonar gabas ya zo aron ashana,
ya leƙa shafin, ya ce,
"Ai goyo ne, Arzika.
Mace da goyonta
kuɗin mutum ɗaya take biya a motar Kamba."
Ya ƙyasta, ya tafi da ashanar gaba ɗaya.

Sai bakina ya tuna abin da ya sani tun yaye.
Wa ya taɓa raba kyau gida biyu?
Kyanwa, kyauta, gyaɗar da inna ke soyawa,
gyaran da nake wa injin nan kullum.
Shekara hamsin ina ɗauke da goyon
ban taɓa juyowa na ga fuskarsa ba.

Shi ta goyi ya, suka ce sha,
ga ruwa kuwa yana bin kwami yana shiga.
Ji ta goyi ya, suka ce ja,
na ce ku ja, ai igiyar injin ce.

Amma ryo ta ƙi.
Ryu ma ta ƙi.
Harshena ya toge kamar jaki a bakin kwalekwale,
na lallashe shi, na zage shi,
har kwaɗi suka yi shiru suna saurare.

Littafin ya yi gargaɗi a ƙasan shafi:
byoin asibiti ne,
biyoin kuwa ɗakin gyaran gashi.
Ka bar goyo ya sauka ya yi tafiya da ƙafarsa,
sai ka kai ciwon cikinka wurin masu almakashi.

Da asuba mai ya ƙare, injin ya yi shiru.
Tasalla ta aiko ƙaramar 'yarmu da kunu,
ta tarar ina tauna ryo kamar gurjiya.
Ta saurara sau ɗaya, ta faɗe ta daidai,
ta ce in miƙo kwanon jiya.

Kwami biyu ruwa bai kai ba.
Kyo, in ji littafin, shi ne yau.
Na rufe shi, na ɗauki jarka.