Yadda Tumbun Mbodu Ya Zama Gari

Ni na kawo Mbodu tsibirin nan da jirgina,
shekara talatin da 'yan kai, daga Balangwa.
Ba mu tarar da komai ba sai kacalla da sauro
da kashin tsuntsaye fari fat kan tudu.
Ba gari ya zo kafawa ba, kada a yi masa ƙarya.
Mai karɓar haraji ya guje wa,
ya kuma ji an ce giwan ruwan nan
sai hannu ya gaji da ɗagawa.

Wata biyu, sai ga Yagana da tanderun banda.
Ba tausayi ya kawo ta ba, lissafi ne:
kifin da zai ruɓe a hannun gwauro
rabin kuɗi za ta saya,
Kusuri kuma ninki uku take sayarwa.

Tanimu ya ji ƙanshin hayaƙi, ya zo da butar shayi.
Malam Gaji ya ƙirga yara bakwai a bakin ruwa,
ya kafa rumfa, kowane uba tarwaɗa biyu ran Laraba.
Alhaji Barma ya sa aka sare kacalla tsawon yini uku
don jirgin kanwarsa ya daina maƙalewa.
Ta wannan hanya ungozoma ta iso
daren da matata ta kusa tafiya.
Ban taɓa gode wa Barma ba,
shi ma bai san da zancen ba har rasuwa.

Ni fa? Sefa ɗari biyar kan mutum, buhu daban.
Duk wanda na sauke ya ƙara wa garin bango,
ni kuwa aljihuna nake dubawa.

Haka muka wayi gari da kasuwar Litinin,
da masallacin kwano, da mai cajin waya,
kowa ya zo cika tulunsa,
sai ga rijiya ta samu ba da niyyar kowa ba.
Abin da ban gane ba a lokacin,
wuƙar da ta feɗe maka kifi
ba ta san yatsanka ba in ta zo wucewa.

Ɗan Barma ya datse bakin ruwa da gura dubu.
Na ƙasa da shi suka ga taru fayau,
suka kwance gidan sauron da asibiti ya raba,
suka tace ruwa har 'ya'yan karfasa masu kamar farce.
In ka yi magana, amsa ɗaya ce:
in ban kama ba, wane zai kama.
Ni ma na ɗauko buhunan, na karɓi kuɗina,
bakina yana tir, hannuna yana ƙirgawa.

Damina uku, tanderun Yagana ya yi sanyi.
Kaji suka koma kwana a ciki.

Ranar da aka taru a rumfar Malam Gaji
an yi ta jan aya, amma ba ita ta ja mu ba.
Kowa so yake a ɗaure hannun maƙwabcinsa,
sai ya ga dole ya miƙa nasa.
Wata uku ba taru, ba gura, ba mamari.
Ba mu ɗauki mai gadi ba,
hassada ta kwana tana yi mana gadi kyauta,
ko gyangyaɗi ba ta taɓawa.

Kifi ya dawo, ba kamar da ba, amma ya dawo.

Jiya na kai wa Mbodu goro, idonsa ya tafi.
Na ce masa ruwa ya ja baya ta gabas,
ƙasa baƙa ta fito, mai son masara da wake,
har an fara kafa turaku da dare.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce: naka nawa?
Na ce: huɗu.
Ya ce: gobe ka kafa mini biyu, kusa da ruwa.