Jinkirin Wuta

Bindigar Baba Nomau ta shekara tara a bayan rumbu.
Zanzaro ya yi ɗaki a bakinta,
gara ta ɗanɗani ƙotar, ta ji maɗaci ne, ta haƙura.
Ranar da birai suka sauko daga Kufena
suka yi wa masarata aski tun tana goyo,
na naɗe ta cikin buhun taki,
na ɗaure a bayan keke, sai Ƙofar Kuyambana.

Cindo maƙeri bai ɗago ba sai da ya gama zuga.
Yatsu shida ne a hannunsa na dama,
ya ce na shidan ke jin ciwon ƙarfe.
Ya shafa ta tun daga baki har gindi:
"Wannan ai aikin ubana ne, ga tabon gudumarsa.
Bututun nan sandar sitiyari ce
ta wata akori-kura da ta mutu a hanyar Funtuwa."

Ya baje abu uku a kan buzunsa.

"Ga dutsen ƙyastu, shi ubanka ya sani.
Ba ya cin kuɗi, ba ya gaggawa,
amma in damina ta zauna, raɓa ta kwanta,
sai ya yi ta ƙyas, ƙyas,
kamar tsohon da haddarsa ta kwance.

Ga 'yar hular tagulla, idon kurciya ya fi ta girma.
Daga Sabon Gari take zuwa,
gwangwani ɗaya kuɗin tiya biyu ta shinkafa.
Ba ta ƙarya.
Sai dai ran da ta yanke a kasuwa
bindigarka ta koma taɓarya.

Ga kan ashana, na masu ƙaramin aljihu.
Wata rana ya amsa kafin a kira shi.
In ka ga Barau a bakin masallaci
ka ƙirga yatsunsa, ni ba zan ce komai ba."

Na ce a ba ni hula.
Ya yi dariya har gawayi ya tashi:
"Hula sai da kai, yaro.
Wannan tsohuwa ba ta da kan sa hula,
sai an ƙera mata mahaɗi."

Kwana uku yana gogar wani ɗan ƙarfe
wanda bai kai gaɓar yatsa ba,
gefe ɗaya ya dace da jiya,
gefe ɗaya ya dace da kasuwa.
Da ya ɗaura, ya ce in riƙa duba shi:
"Abin da ke tsakani, shi ya fi shan wuta."

Da asuba na laɓe a gindin ɗorawa.
Babban birin ya zauna kan kunya ta huɗu
yana ɓare zangarniya kamar shi ya yi huɗa.
Na ja kunama.
Hula ta ce tas.

Shiru.

Har na fara sauke ta in ga me ya faru,
sai muryar Baba ta zo daga wata damina mai nisa:
"In ta yi shiru, ba bebiya ba ce.
Kar ka leƙa bakinta. Riƙe ta, ka jira."
Na riƙe.
Numfashi ɗaya, na biyu,
sai ta yi tari irin na shekara tara,
Kufena ya maido mini da shi sau biyu.
Birin tuni ya haye dutse da masarata a hammata.

Na zauna cikin hayaƙin albarushi, kafaɗa na zogi,
ban ji haushin biri ba.
Wata magana ce ta tashi a ƙirjina,
wadda ya faɗa ran da na sayar da fadamarmu ta bakin Kubanni
na sayi babur.
Lokacin tas kawai na ji.

Ɗana na karatu a Samaru, ba ya son warin toka.
Jiya na faɗa masa wata magana, ya yi shiru yana latsa waya.
Ban leƙa bakinsa ba.