Teku Ba Ta Karanta Takarda

Ran Talata aka liƙa ta a jikin bishiyar kwakwa,
takarda mai hatimi biyu, da harshen Fotugis.
Atumane ne ya karanta mana ita da lasifika,
Atumane ɗan Muaziza, wanda na goya kwana tara
lokacin da uwarsa ta tafi Angoche haihuwar ƙanensa.
Ga shi yau cikin farar riga da safar hannu,
idonsa a kan yashi, ya ƙi haɗa shi da nawa.

Ba fita daga faɗuwar rana sai hantsi.
Ba kasuwar bakin gaɓa.
Ba suyar kifi, ba zaman makoki.
Kwale-kwalen da ya taɓa tsibirin ƙetare
sai ya kwana biyar a kan ruwa kafin ya sauka.

Ussene ya yi dariyar da ta tsaya a haƙori.
Ya ce a kai wa teku tata takardar,
ta daina cika da tsakar dare,
a faɗa wa kifi ya riƙa fitowa da azahar
kamar ma'aikacin ofis.
Namu kifin ɗan dare ne, fitila yake bi.
Da rana sai zufa da ciyawar ruwa a cikin koma.

Mako na farko muka ci abin da na shanya.
Na biyu muka ci rogo da ruwan kwakwa.
Na uku na kai rediyo wurin mai shago,
ya juya ta, ya ba ni gari mudu uku.
Mai motar ƙanƙara daga Nampula ya daina zuwa,
amma bashin injin bai daina ba,
shi ba ya jin tsoron kwalara,
da ƙafa yake zuwa, ya zauna a ƙofa.

Da zan iya, da na tsine wa takardar nan.
To amma na ga Ancha, jikata,
ta zube cikin dare ɗaya kamar buhun da aka huda,
idanu sun faɗa, fata ta tsaya inda aka tsunkule.
A tantin asibiti, a gadon da aka yi wa rami,
Atumane ya riƙe ledar ruwa sama da kansa
har asuba, don ba ƙusar da za a rataye ta.
Yanzu tana waje tana kirga kaguwa.

Tsoho Braimo kuwa bai tashi ba.
Shi da ya koya wa rabin garin nan ɗaurin ƙugiya,
mutum huɗu suka kai shi, fuska a rufe,
ba wanka, sai feshi.
Muka tsaya daga nesa kamar baƙi
muna amin cikin mayafi.

To wa zan zaga?
Rijiyar da muka sha tun kakanni?
Ruwan saman da ya haɗa masai da ita?

Ussene yana ɗinkin komar da ba ta yage ba.
Da dare yakan tashi zaune in ruwa ya fara cika,
jikinsa ya san sa'ar, ko ba agogo.
Ina jin sa yana lissafin abin da ke wucewa a duhu.

Jiya, dab da lokacin dokar,
aka ƙwanƙwasa ta bayan gida.
Atumane ne, ba lasifika.
Ya ce albashi wata biyu shiru,
Muaziza ba ta iya haɗiyar rogo gaya.

Saura busasshe uku a cikin tulu.
Na miƙa hannu zan ɗauko.
Ya ce, Inna Muanacha, dakata,
ya ciro gorar ruwan magani daga aljihu
ya zuba mini, na wanke har gwiwar hannu,
sannan na naɗe masa biyu a ganyen ayaba.