Yatsun Mai Kifi

Ƙarfe biyun dare a Busan,
jirgin ƙarshe ya daɗe da wucewa.
Hyerin na sunkuye kan madubin bincike,
ƙwayoyin garkuwar jiki na iyo cikin ɗigon jini.

Jinin uwarta ne.

Shekara talatin tsohuwar na feɗe kifi a bakin teku,
yau yatsun sun kumbura, sun karkace,
ko maɓallin riga ya gagare su.
Ba ɓarawo ne ya shigo ba.
Masu gadi ne aka yi wa ƙarya
suka juya mashi kan masu gida.

Saitokayin sunan ɗan aiken.
Shi ke raɗa wa ƙwaya: tashi, gobara!
Ita ta faɗa wa goma, goma su tayar da dubu,
alhali ko hayaƙi babu.

Ta ɗiga gwaji na arba'in da ɗaya.
Firij na gurnani. Shayin sha'ir ya huce.

Lambar kan allo ta sauka
kaɗan.

Ba ta yi guɗa ba.
Ta rubuta kwanan wata, ta wanke hannu.
Da asuba
ita za ta ɗaure wa tsohuwar igiyar takalmi.