Tiyon Komawa

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya rufe Hammerdal.
Bolbon babana, ja, wadda ta girme ni da shekara biyu,
tana cikin rumfar katako tana tari,
salansa na aman baƙin hayaƙi kamar ana ƙona taya.

Ranar Talata muka canza fulogi, huɗun duka.
Kafin Juma'a sun koma gindin tukunya.
Maƙwabcinmu Helmer ya ce famfon mai ne.
Shi Helmer ko ciwon haƙori ka kai masa,
famfon mai zai ce.

Baba na kan kujera, bargo a gwiwa.
Da safe ya kira ni da sunan mahaifiyata,
da hantsi ya tambayi karen da muka binne bara.
Amma ina ɗaga bonet sai ya ɗaga hanci,
ya ja iska, ya ce,
"Majken, zare siririn tiyon da ke bayan regileta.
Sansana."

Na zare. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu a kan safar hannuna.
Fetur, a hanyar da iska kaɗai ke da izinin bi.
"Tantanin ciki ya fashe," in ji shi,
"injin na shan mai ta hanci."

Sabon ya iso daga Östersund bayan kwana huɗu,
bai kai ƙaramin gwangwanin madara ba,
kuɗinsa kuwa ya ci itacen wutar mako biyu.

Na cire fis ɗin famfo, na tayar, na jira
har injin ya shanye abin da ke maƙogwaronsa ya mutu.
Tsumma a ƙasa. Sifana mai lamba goma.
Noti na farko ya fito salin-alin,
na biyu sai da ya ɗanɗani fatar yatsana.
Zoben roba na shafa masa bakin mai kaɗan,
na tura a hankali har ya zauna daram.
Yatsuna sun daskare, numfashina na tashi fari
yana ratsa hasken tocila.

Na ɗaura ma'auni. Na murɗa makulli.
Allura ta wuce biyu da rabi ko waiwaye babu,
ta wuce uku, ta wuce huɗu, tana karkarwa.
Na zagi akwatin, na zagi mai sayarwa,
saura ƙiris in yarda da Helmer.

Baba bai ko kalli allurar ba.
"Kin duba inda mai ke shiga.
Kin duba inda yake komawa?
Wannan ɗan ƙarfen ba ya ƙara komai,
rarar kawai yake sallama gida."

Na shimfiɗa kwali, na kutsa ƙarƙashi,
ƙanƙara na narkewa tana ɗiga mini a wuya.
Na bi bututun da yatsa, taƙi bayan taƙi,
sai ga shi dab da tayar baya
a lotse, kamar an taka kara.

Na san dutsen.
Watan Satumba, kwanar tafki,
ranar da aka tsamo shi daga kwalbati
yana cewa hanyar ce ta gusa.
A daren na ɗauke makullin daga aljihun kwat ɗinsa,
har yau bai tambaya ba,
ni ma ban faɗa ba.

Na yanke wurin, na haɗa da sabon tiyo,
na ɗaure bakin biyu tamau.

Da na fito, bayana jiƙe sharkaf,
na tsaya da makullin a hannu
tsawon da ya fi ƙarfin dalili.
Sannan na buɗe masa ƙofar direba.
"Giya na sake," na ce. "Tayarwa kawai."

Hannun da ba ya iya riƙe cokali
ya sami ramin makulli bugu ɗaya.
Allura ta hau, ta yi ɗan tunani, ta tsaya.
Hayaƙin ya washe.

Ya kasa kunne, ido a rufe, tafi a kan sitiyari.
"Bel ɗin fanka ya saki," ya ce.
"Gobe, Majken."